Kafin Ka Biya Kuɗin Katifa da Kujerar Hutawa a Zariya

Duk wanda ya shiga shagunan masu katifa a Sabon Gari ko Tudun Wada, riga zai fara gani. Katifu ne a jingine cikin leda, wata mai furanni, wata fara sol da ɗinkin zare mai sheƙi, wata kaurinta ya kusa kai gwiwa. Mai shago zai daki gefen ɗaya da tafin hannu ya ce, "Alhaji, taɓa ka ji, wannan sai ka gaji da ita." Kai ma ka danna da yatsa, ka ji tauri, ka fara ciniki. To, yatsa ba ya sanin katifa. Bayanka ne zai san ta, kuma ba ranar farko ba, sai bayan wata shida, lokacin da tsakiyarta ta lotsa, mata da miji suna gangarowa wuri ɗaya cikin dare ba da niyya ba, kowa na tashi da ciwon ƙugu.

Haka kujera take. Yadin da aka lulluɓe ta da shi shi ne mafi arhar abin da ke jikinta, amma shi muke kallo. Abin da ake saye a katifa da kujera yana ciki: soson, katakon, da yadda aka haɗa su.

Mu fara da katifar soso, tunda ita ce a gadon mafi yawanmu. Abu biyu ne mutane ke haɗawa wuri ɗaya alhali daban suke: taurin soso da nauyinsa. Tauri shi ne abin da kake ji idan ka kwanta. Nauyi kuwa shi ne yawan sinadarin da aka zuba a cikinsa, kuma shi ne ke nuna tsawon kwanansa. Kamfanoni suna auna shi da kilo nawa soso zai yi idan aka yanko curi mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya. Soso mai arha yakan tsaya ƙasa da kilo 20. Mai kyau na gida yana kaiwa 25 zuwa 30 ko fiye. Soso na iya yin tauri ranar da aka saye shi, amma in ba shi da nauyi, ƙananan ramukan iskar da ke cikinsa sukan karye da wuri, ya kwanta, ba zai sake tasowa ba.

Wannan lissafin yana da amfani a kasuwa, domin za ka iya gwada shi da hannunka. Katifar da muke kira shida da huɗu da rabi tana da tsawon inci 75 da faɗin inci 54. Idan kaurinta inci 8 ne, soson da ke cikinta ya ɗan haura rabin wancan curin. Ke nan in na kilo 18 ne, katifar za ta yi wajen kilo 9 da rabi. In na kilo 30 ne, za ta kai kilo 16. Ka ɗaga kusurwar katifu biyu masu girma ɗaya, ka ji bambancin a kafaɗarka. Wadda ta tashi sama kamar ba komai a cikinta, hakika babu komai ɗin.

Sai dai nauyi kaɗai ba hujja ba ce, domin akwai masu zuba wani farin gari irin na alli a cikin soso don ya yi nauyi da tauri da kuɗi kaɗan. Irin wannan soson idan ka kankare shi da farce sai ka ga yana marmashewa, kuma in ka matsa shi da ƙarfi ba ya dawowa da sauri. Shi ya sa nake ganin gara mutum ya nemi dillalin da kamfani ya amince da shi, ya karɓi rasit da takardar garanti, ya duba tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta SON a jikin katifar. Mouka, wanda asalinsa a Kano aka kafa shi a 1959, da Vitafoam da aka kafa a 1962, su ne sunayen da kowa ya sani, kuma saboda an san su ne masu jabu ke ɗinka riga mai kama da tasu su cusa mata soso maras daraja. Ko a cikin kayan kamfani ɗaya ma akwai hawa-hawa. Sunan kamfani ba ya nufin ka sayi mai kyan. Ka tambayi wane aji ce, kuma nauyin mutum nawa aka yi ta ta ɗauka, domin manyan kamfanonin suna faɗin hakan. Katifar da ta dace da ɗalibi mai kilo 60 a ɗakin haya na Samaru ko Kongo ba ita ce ta dace da magidanci mai kilo 95 da iyalinsa ba.

Farashi kuwa ba na ambatarsa, don ba ya zama wuri ɗaya. Sinadaran da ake haɗa soso da su daga waje ake shigo da su, saboda haka kuɗin katifa yana bin dala, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 kowa ya ji a aljihunsa. Wannan ya sa katifa mai arha ta ƙara zama abin zargi. Idan kuɗin sinadari ya tashi amma wata katifa ta ƙi tashi, to an rage wani abu a cikinta.

Daga nan sai katifar da ake kira otofedik, wadda aka fi tallata wa masu ciwon baya. Yawancinta guntattakin soso ne aka haɗa da gam aka matse da inji har suka zama dunƙule ɗaya mai nauyin gaske, sannan a shimfiɗa soso mai ɗan laushi a sama. Tana da ƙarko, wannan babu musu. Ga mai jiki, ita ce ba ta lotsawa. Amma akwai maganar da ta zauna a bakin mutane cewa duk mai ciwon baya sai ya kwanta a kan abu mai tauri kamar daɓe, kuma ba haka abin yake ba. A 2003 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Sifaniya a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu. An ba wasu katifa mai tauri sosai, wasu mai matsakaicin tauri, aka bi su tsawon kwana 90. Waɗanda suka kwanta a kan mai matsakaicin tauri su suka fi samun sauƙi. Dalilin a fili yake. Bayan mutum ba a miƙe yake kamar sanda ba, yana da lanƙwasa. Katifa mai tsananin tauri tana tokare kafaɗa da ɗuwawu ta bar ƙugu a rataye; mai tsananin laushi kuma tana barin ƙugun ya nutse. Wanda ke kwanciya ta gefe, kuma da yawanmu a gefen dama muke kwana, shi ya fi buƙatar saman katifa ya ɗan ba kafaɗarsa wuri.

Saboda haka idan za ka saya wa Baba ko Inna katifa don ciwon baya, kada ka ɗauko mafi taurin da ke shagon kana ganin ka yi gwaninta. Tsoho naman jikinsa ya ragu, ƙashi ya fito, tauri yana sa masa ciwon kafaɗa da kwatangwalo, ya riƙa juyi har asuba. Ka nemi mai ƙarfi a ƙasa, mai ɗan laushi a sama. In kuma ciwon ya daɗe, ko yana sauka ƙafa da sanyin jiki, wannan maganar likita ce, ba ta mai katifa ba; asibitin koyarwa na Shika ba shi da nisa.

Katifar sifirin, mai ƙarafa a ciki, tana da abin da soso ba shi da shi: iska na ratsa ta. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke haura digiri 35 kuma wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Iri biyu ce. Akwai wadda aka sarƙe ƙarafanta da juna, idan ɗaya ya motsa duk katifar ta motsa. Akwai wadda kowane ƙarfe ke cikin aljihunsa na yadi, ita ce ta fi bin jiki, kuma mai tashi sallar dare ba zai tashi abokin kwanansa ba. Ta fi tsada. Amma ka yi tunanin gidanka kafin ka yi sha'awarta. Ba ta lanƙwasuwa. Katifar soso ana iya ɗaure ta a saman keke Napep, a tanƙwara ta a shige da ita ta zaure. Ta sifirin sai an nemo akori-kura, kuma a gidajen cikin birni masu ƙananan ƙofofi da lungu mai kwana, akwai wadda ba za ta shiga ba sai an karya ta. Yara masu tsalle a gado suna gama da ita da wuri. Idan fitsari ko ruwa ya ratsa, ƙarfen ya yi tsatsa ya fara ƙara. Sifirin mai arha kuwa gara soso mai kyau sau goma, domin ranar da ƙarfe ɗaya ya ɓullo babu gyara.

Akwai kuma wani soso na zamani da ke ɗaukar siffar jiki ya dawo a hankali, wanda asalinsa daga binciken hukumar sararin samaniyar Amurka ya fito a shekarun 1960. Daɗin kwanciya yana da shi, amma yana riƙe zafin jiki. In ɗakinka ba shi da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da za ta riƙe ta, ka bar shi a shagon.

Ina jin takaicin yadda muka yi watsi da katifar auduga gaba ɗaya. Zariya garin rimi ce. Sunayen unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko sun isa shaida, kuma da audugar rimi iyayenmu suka cusa matasan kai da katifu tun kafin soso ya zo. Ba ta da zafi irin na soso, kuma idan ta kwanta ana farke ta a shanya audugar a sake cusawa. Aibinta shi ne tana yin curi-curi, tana tara ƙura, kuma kuɗin cizo na samun mafaka a ɗinkinta. Ga mai asma ba ta dace ba. Amma a matsayin 'yar shimfiɗar da za a fitar tsakar gida a daren bazara, har yau ban ga abin da ya fi ta ba, kuma tana ceton babbar katifar daga jan ta waje kullum.

To wacce za a ɗauka? Ga mafi yawan gidaje, ni a ganina, katifar soso mai nauyi, mai matsakaicin tauri, mai kaurin inci 8 zuwa 10, ta wadatar. Masu jiki su koma otofedik mai laushi a sama. Sifirin ta mai faɗin ɗaki ce da yaran da suka girma. Abin da ba na goyon baya shi ne katifar nan mai inci 18 ko 20 da ake rububi a kayan ɗakin amare. Na san dalilin: ranar jere 'yan uwa za su shigo su gani, kuma babu uwar da ke son a ce ta gaza. Amma kuɗin da zai sayi soso mai kyau na inci 10, idan aka shimfiɗa shi a kan inci 20, dole soson ya zama maras nauyi. Amarya ta samu abin kallo na mako ɗaya, ta samu rami na shekaru. Ga wahalar hawa da sauka idan ciki ya tsufa. Iyayenmu mata, don Allah a rage tsayi a ƙara inganci. Tsayin gado aikin kafinta ne, ya ɗaga ƙafafun.

Gwajin gaskiya shi ne kwanciya. Ka cire kunya ka ce a kwantar maka da ita, ka hau ka yi minti goma a yadda ka saba barci. In ka kwanta rigingine, ka tura tafin hannu ƙarƙashin ƙugunka: idan ya shige ba tare da ya taɓa komai ba, ta yi tauri, idan ya kasa shiga sam, ta yi laushi. Mata ba za su iya wannan a tsakiyar kasuwa ba, kuma su ne suka fi sayen katifa. Hanyar da ta rage ita ce a tambayi 'yar uwa ko maƙwabciya da ta shekara biyu ko uku a kan irin wadda ake so, a shiga ɗakinta a ɗaga zanin gado a duba tsakiyar.

Idan an kawo ta gida, a cire ledar. Mutane da yawa suna barin ta wai don kada katifa ta tsufa, alhali ita ke tara gumi da zafi. Mai yara ƙanana ya sa shimfiɗar da ruwa ba ya ratsawa, wadda ake cirewa a wanke. A riƙa juya ta, kai ya koma ƙafa, duk bayan wata uku. Kada a bar ta a kan siminti da damina, domin danshi na tasowa ta yi fumfuna ta ƙasa ba a sani ba. Kuma katakan gado kada tazararsu ta wuce inci 3. Rana mai zafi tana cin soso, shanya ta ɗan lokaci ta isa. Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci: soso yana kama wuta nan take, hayaƙinsa guba ne. Kaskon turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, da garwashin jin ɗumi da hunturu, duk a nesanta su da gado.

Yanzu kujera. A nan ma al'ada ta riga ta zaɓa mana: saiti, mai zaman mutum uku, mai biyu, da ɗaya-ɗaya guda biyu, a cika falo har babu wurin shimfiɗa darduma. Amma ka lura da gidajenmu da kyau. Baƙi su zauna a kan kujerun na rabin sa'a, masu gida kuma su zame ƙasa kan kafet su jingina da su, domin kujerun ba su da daɗin zama. Kujerar hutawa daban take da kujerar karɓar baƙi. Ita ce wadda mutum zai dawo daga aiki ko kasuwa ya zauna a kai bayan isha'i, ya saurari rediyo ko ya yi karatu na sa'a biyu bai ji wuyansa ya ƙage ba.

Kujerar kushin ta kafinta ita ce ta fi ba ka iko, in har za ka yi amfani da ikon. Kada ka sayi wadda aka gama aka ajiye a bakin titi rana da ƙura suna dukanta. Ka ba da aiki, kuma ka ce wa kafinta, "Malam, in ka gama ƙashin ka kira ni kafin a rufe." Ka je ka gani da idonka. Katako busasshe ne ko ɗanye? Ɗanyen katako da hunturu ya busa sai ya tsage ya murɗe, kujera ta fara ƙara. Maɗaci yana da ƙarfi da ƙarko, malaina ta fi sauƙin kuɗi kuma tana aiki idan ta bushe, amma guntayen katakon akwatin kaya da aka harhaɗa da ƙusa ba sa kai shekara biyu. Ka duba kusurwoyi: an sa gam da ƙaramin katako mai tokarewa, ko ƙusa kawai aka buga? An shafa maganin gara? Sannan soson mazauni. A nan ne aka fi cuta, domin mazaunin kujera yana ɗaukar nauyin mutum gaba ɗaya a ɗan ƙaramin wuri, ya fi katifa shan wahala. Ya kamata ya fi na katifarka nauyi, ba ya gaza shi ba. Mafi kwanciyar hankali shi ne ka sayo soson da kanka ka kai masa.

Awo kuwa jikinka ne ma'auni. Tsayin mazauni daga ƙasa ya kasance wajen inci 16 zuwa 18, yadda tafin ƙafa zai sauka ƙasa sosai. Zurfinsa wajen inci 20 zuwa 22, yadda idan ka jingina bayanka zai rage 'yar tazara tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarka. Manyan kujerun yayi masu zurfi kamar gado suna tilasta wa mutum ko dai ya zauna a baki babu jingina, ko ya jingina ƙafafunsa na reto. Majingina ta kai ga tallafe kai. Ga dattijo, mazaunin ya ɗan fi tsayi da tauri, hannuwan kujerar su zama masu ƙarfin da zai dafa ya miƙe idan an kira salla ba sai an kama shi ba. Kujera mai laushin da ke haɗiye tsoho ba gata ba ce.

Batun yadi, ƙurar hunturu ce alƙali. Karan-miski yana da kyau a ido, amma daga Disamba zuwa Fabrairu yana shan ƙura har ya canja launi. Ledar da ake sayarwa da sunan fata tana da sauƙin gogewa, sai dai tana manne wa jiki da zafi, kuma bayan 'yan shekaru ta fara saɓulewa tana zuba. Fata ta gaske daban ce, tana daɗewa in ana shafa mata mai, kuma abin mamaki ne a ce garin da ke da cibiyar binciken fata ta ƙasa a Samaru, da dukawa masu aikin hannu, falukansa cike suke da ledar waje. Ga mai matsakaicin hali, yadi mai kauri mai matsattsiyar saƙa, launin da ba ya nuna datti, da matasan da ake zuge zif a cire rigarsu a wanke, shi ne zaɓin da ba a nadama.

Kujerar ƙasar waje mai kwantawa, wadda ake jan hannu ta miƙe ƙafa, babu wadda ta kai ta daɗi, musamman ga mai kumburin ƙafa. Amma ƙarfen cikinta in ya lalace ba kowane kafinta ke iya gyara shi ba, mai aiki da lantarki kuma tana iya tsayawa a kwance idan aka ɗauke wuta. In za a saya, a ɗauki ta hannu. Ta gwanjo kuma a kifa ta a haska ɗinkinta da tocila, domin kuɗin cizo ta irin wannan hanyar yake shiga gida. Kujerar roba ta taron biki ce da zaman ƙofar gida, rana na busar da ita ta karye ba sanarwa. Wadda nake ganin an raina ba bisa haƙƙi ba ita ce 'yar kujerar nan ta katako mai naɗewa da aka ɗaura wa yadi mai kauri, irin wadda dattawa ke kishingiɗa a kai a zaure ko gindin bishiya. Iska na ratsa bayanta, ana ɗaukarta da hannu ɗaya, in yadin ya yage tela zai sake shi cikin yini guda. Matsalarta ɗaya, ta yi ƙasa, mai ciwon gwiwa zai sha wuyar tashi.

Idan kuɗin bai isa duka biyun ba, katifa ce gaba, domin a kanta ake kwashe sa'a bakwai ko takwas kowane dare. Abin da ya rage a yi kujera ɗaya ko biyu masu kyau da shi, a cike falon da kafet da tumtum, sauran saitin ya jira wata shekarar. Kafintan da ya yi na farkon zai iya ƙaro irinsu. Ka dai sayi yadin da ɗan yawa tun yanzu ka ajiye, don launin da ka samu bana ba lalle ka same shi a kasuwa baɗi ba.